Dajin da Muka Daina Takawa

  Ina gaida mutanen Kurya Madaro, da na Kaura Namoda, da na Shinkafi, da na Zurmi. Ina gaida duk wanda muryar nan ta iske, a gida ko a shago ko a bakin kasuwa. Allah Ya sa muna lafiya.

Yau tafiya mai nisa za mu yi da ku. Za mu hau dutse, mu gangara gulbi, mu kama kifi. Na san wani ya riga ya taɓe baki. Yana cewa, mu da zuwa gona ma ke gagararmu, shi ne za a zo mana da zancen yawon buɗe ido? Ɗan'uwa, ka faɗi gaskiya. Ban manta da halin da kake ciki ba. Saboda kai ne ma na ɗauko zancen. Ka ba ni aron kunnenka zuwa ƙarshe.

Maganata guda ɗaya ce, kuma zan yi ta nanata ta. Dajin da mutanen kirki suka daina takawa ba ya zama babu kowa. Wasu ne ke shiga. Ku riƙe wannan, mu kama hanya.

Bari mu fara da inda za mu.

A can gabashin ƙasar nan, a kan iyakarmu da Kamaru, akwai wani gandun daji da ake kira Gashaka-Gumti. Ya ratsa jihohi biyu, Taraba da Adamawa. Shi ne mafi girma a cikin gandayen daji na Gwamnatin Tarayya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A shekarar 1991 aka haɗa dajin Gashaka da na Gumti aka mayar da su guda. Ɓangaren Gumti, na arewa, shimfiɗaɗɗe ne, ciyawa da itatuwa jefi-jefi, mutumin Zamfara ba zai ji baƙunta ba. Ɓangaren Gashaka kuwa, na kudu, duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu.

Wanda ya tashi daga Kaura, sai ya yi guzuri sosai. Zai bi Gusau, ya bi Funtuwa, ya bi Zariya. Zai yanki ƙasa har Jalingo. Daga nan ya nufi Bali, ya sauka Serti, inda babban ofishin gandun yake. Ba tafiyar wuni ɗaya ba ce. A Serti ake yin rajista, a biya kuɗin shiga, a haɗa ka da ma'aikacin daji da zai raka ka. Ba a shiga gaba gaɗi. Ku lura da wannan, za mu dawo kansa.

A cikin wannan daji ne dutse mafi tsawo a Najeriya yake. Sunansa Chappal Waddi, tsayinsa mita 2,419. Masu hawansa galibi ta ɓangaren tsaunin Mambila suke bi, ta wajen Nguroje. Mota tana kai ka wani wuri ta tsaya. Babur ya karɓa, shi ma ya kai wani wuri ya tsaya. Daga nan sai ƙafa.

Hawan dutse irin wannan ba gudu ake yi ba. Ɗan jagora yana gaba, 'yan dako suna ɗauke da tanti da abinci, kai kuma kana biye da sandarka. Ana tashi da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Ana ƙetare rafi, ana kutsa kurmi, ana fita fili mai gajeriyar ciyawa inda shanun Fulani ke kiwo. Tun numfashinka yana daidai har ya fara sama-sama. Cinyoyi su yi nauyi. Idan dare ya yi a kafa tanti, a hura wuta, domin sanyin can ba wasa ba ne. Da asuba hazo yakan rufe ko'ina, ka miƙa hannu da kyar ka ga yatsunka. Rana na ɗagawa sai ya yaye. Ka duba ƙasa, ka ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarka. Ka duba gabas, ƙasar Kamaru ce. Mutumin da ya tsaya a wurin, in dai yana da zuciya, sai ya yi tasbihi.

A hanya kuma ido ba ya hutawa. Akwai ɓauna, akwai gwanki, akwai birai iri-iri. Akwai birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, wanda ya yi ƙaranci ƙwarai a duniya, har masana daga Ingila suka yi shekaru suna zaune a Gashaka suna nazarinsa. Tsuntsayen da aka ƙidaya a dajin sun haura iri 500. A gulbin Kam akwai gurbin da dorina ke taruwa. Kusa da ƙauyen Gashaka kuma akwai kufan sansanin da Jamusawa suka gina a kan tudu, tun lokacin da yankin ke hannunsu, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai a 1961 ne mutanen wannan yanki suka kaɗa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Najeriya.

To, mun hau dutse. Yanzu mu gangara ruwa, domin nan ne zan fi daɗewa.

Ruwan da ke sauka a kan waɗannan duwatsu, kurmi ne ke riƙe shi. Yana sakinsa kaɗan-kaɗan, rani da damina. Rafuka su haɗu su zama gulbi, gulbi ya faɗa kogin Taraba, Taraba ya faɗa Binuwai. Da rani, daga wajen Disamba zuwa Maris, ruwan yakan kwanta ya yi garau, har kana ganin duwatsun ƙasansa. A lokacin ne masu fatsa ke zuwa. Abin da suke nema kifi biyu ne da masuntanmu suka sani sarai: giwan ruwa da tsage.

Sai dai fatsar wasunsu daban take da tamu. Mu mun saba da tana, ko fara, ko ɗan ƙullun dawo a bakin ƙugiya. Su ba sa sa abin ci ko kaɗan. Ƙwaron ƙarya suke ɗaurawa. Mutum zai zauna da ƙugiya da zare da gashin tsuntsu da gashin dabba. Ya yi ta naɗi, ya yi ta ɗauri, har abin ya fito da siffar fara, ko mazari, ko ɗan ƙaramin kifi. Aikin hannu ne mai son natsuwa. Kuma tsohuwar dabara ce. Wani marubucin zamanin Rumawa mai suna Aelian ya ba da labarin masuntan Makidoniya da ke yin haka da jan ulu da gashin zakara, kusan shekara 1,800 da suka wuce.

Wannan ƙwaro ba shi da nauyi. Ba ya jefuwa da kansa. Don haka igiyar ce aka yi wa nauyi. Mai fatsa yana shiga ruwa har gwiwa, ko har ƙugu. Yana kaɗa doguwar sandarsa baya da gaba, igiya tana warwarewa a iska, sannan ya sake ta. Ƙwaro ya sauka a hankali daidai inda yake so, bayan wani dutse ko ƙarƙashin wani reshe. Sai ya riƙa jan igiya da yatsu, kaɗan-kaɗan, don kifi ya ɗauka abu mai rai ne ke gudu.

Kafin ya kai ga haka, sai ya karanci ruwa. Ina ruwa ke gudu, ina yake kwanciya? Wane ƙwaro ne ke tashi a wannan sa'a? Ina inuwarsa ke faɗawa, kada kifi ya gan shi? Tsage mafarauci ne, haƙoransa a waje suke, yana tsinke zare nan take, shi ya sa ake sa 'yar siririyar waya kusa da ƙugiya. In ya cafka, sai ya yi tsalle sama yana girgiza kai. Sau da yawa yakan tofar da ƙugiyar ya tafi abinsa. Giwan ruwa kuwa a gurbi mai zurfi yake kwanciya, ya fi fita farauta da almuru da cikin dare. Babbansa yakan fi ƙaton namiji nauyi. In ya ja, sai mutum ya dafe da ƙafa biyu.

Yanzu ga wurin da na san za ku yi salati. Bayan duk wannan wahala, idan kifin ya zo hannu, da yawansu ba sa kai shi tukunya. Za su jiƙa hannu su tallafe shi cikin ruwa. Su zare ƙugiya, wadda dama an danne mata ƙayar baki don kada ta yi masa rauni. Su ɗauki hoto. Su riƙe shi yana fuskantar ruwa har ƙarfinsa ya dawo. Sannan su sake shi.

Na ji wani dattijo daga Shinkafi yana cewa, wannan ai wauta ce. Baba, Allah Ya ja kwana, bari mu duba lissafin tare. Giwan ruwa ba ya girma a shekara ɗaya. Shekaru yake ɗauka. Manyan nan kuma galibi mata ne, su ne masu zuba ƙwai da yawa. Idan aka kashe babba ɗaya, sau ɗaya za a sayar da shi, a ci, a wanke hannu. Idan yana nan da rai, baƙo zai zo bana saboda shi, wani ya zo baɗi. Kowane baƙo zai biya kuɗin shiga. Zai ɗauki ɗan jagora. Zai ɗauki 'yan dako. Zai hau babur, ya kwana a masauki, ya sayi abinci, ya sayi nono da man shanu a ruga. Kashe irin wannan kifi daidai yake da yanka saniyar tatsa don romon dare ɗaya.

Ban ce masuncinmu ya saki abincin iyalinsa ba. A'a. Fatsar ƙwaron ƙarya wasan masu hali ne, kayanta da tsada, kuma mai yinta ba yunwa ce ta kai shi ruwa ba. Wannan gaskiya ce, ba na ɓoye ta. Abin da nake so mu gani shi ne abin da zuwansa ke haifarwa. Inda baƙo ke zuwa, akwai hanya. Inda akwai hanya, akwai ma'aikaci. Inda ɗan ƙauye ke samun na cefane daga daji, idonsa na kan dajin. In ya ga baƙuwar fuska da bindiga, shi zai fara kai rahoto, domin abincinsa ake shirin taɓawa. Dajin da mutanen kirki ke takawa yana da masu gadi fiye da waɗanda gwamnati ke biya.

Kada ku ɗauka Gashaka aljanna ce. Ita ma ta sha wuya. Mafarauta sun yi mata ɓarna. Masu haƙar ma'adinai sun shiga. Masu saran madobiya, itacen da 'yan kasuwa ke kira madrid suna lodawa zuwa ƙasar Sin, sun yi wa dazukan Taraba kaca-kaca. An yi ta samun saɓani tsakanin ma'aikata da makiyaya. A shekarar 2017 ne wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa, don su gudanar da wurin tare. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne inda suka nemo ma'aikata. 'Ya'yan ƙauyukan da ke kewaye suka ɗauka, suka horar, suka ba kayan aiki. Suka shiga yi wa shanun makiyaya rigakafi. Suka taimaka wa mata da ƙungiyoyin adashi. Aikin bai ƙare ba, matsaloli ba su ƙare ba. Amma dajin bai zama marar mai shi ba.

To, jama'a, mu juyo gida. Nan ne zancen ya fi zafi.

Mu ma muna da daji. Tun zamanin Turawa aka keɓe babban gandun dajin Zamfara a ƙasar Zurmi, daga baya ya zama makiyaya. A cikinsa akwai ƙauyukan noma da aka bar wa mutanensu: Dumburum, da Shamushalle, da Tsabre, da Aja. Haka tsarin yake a Gashaka, can ma akwai garuruwa da rugage a tsakiyar gandun, bisa tsaunuka. A kudancin jiharmu akwai Kuyambana, a ƙasar Ɗansadau, wadda aka keɓe don namun daji. Tana maƙwabtaka da Kamuku ta Birnin Gwari, wadda ta zama gandun Gwamnatin Tarayya a 1999. Akwai Sububu. Akwai Rugu a ɓangaren Katsina.

Ku faɗa mini, yau in an ambaci waɗannan sunaye a rediyo, me ke zuwa zuciyarku? Ba gwanki ba ne. Ba zuma ba ce. Ba kanya ko ɗinya ko magarya ba. Labarin hari ne, da satar shanu, da garkuwa da mutane. Yaron da aka haifa a shekarun nan, in ka ce masa daji, gabansa ne ke faɗuwa.

Yaya aka yi muka zo nan? Dalilan suna da yawa, kuma ba zan raina hankalinku in ce guda ɗaya ne ba. Akwai talauci. Akwai zalunci da rashin adalci a wajen shari'a. Akwai makamai da suka kwararo ta kan iyaka. Amma akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Mun saki dajin. Dattawanmu sun san malamin daji. Sun san Sarkin Daji. Sun san lokacin da ba ka isa ka sare ɗanyen itace ba tare da izini ba. Sannu a hankali aka daina ɗaukar ma'aikata. Wanda ya tsufa ya tafi, ba a maye gurbinsa ba. Aka riƙa yanka gandu da burtali ana rabawa gonaki, sau da yawa ga masu ƙarfi. Makiyayi ya rasa hanya, manomi ya rasa amfanin gona, rigima ta tashi, ba mai raba ta da gaskiya. Hukuma ta janye ƙafarta. Ɗan makaranta bai taɓa zuwa ba. Baƙo bai taɓa zuwa ba. Dajin da mutanen kirki suka daina takawa ba ya zama babu kowa. Wasu suka shiga, ga shi muna gani.

Haka zancen yake a ruwa. Gulbin Gagare da ya bi ta Kaura Namoda, da gulbin Bunsuru da ya bi ta ƙasar Zurmi, duk Rima suke zuba ruwansu. Ku tambayi tsofaffin masunta irin kifin da suke fitarwa a da. Za su lissafa muku tarwaɗa, da ƙarfasa, da kurungu, da ragon ruwa, da gaiwa a cikin laka. Ku tambaye su yau. An sare itatuwan bakin gulbi, yashi ya cike gurabe. Da damina ambaliya, da rani rairayi. Wasu kuma suna zuba maganin ƙwari irin su gamalin a ruwa, kifi ya taso babba da yaro, har da ƙwai. Wasu suna su da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsito. Wannan ba sana'a ba ce. Cin amanar jikoki ne, kuma guba ce ake kai wa mutane a kasuwa.

Abin da zai ba ku ƙwarin gwiwa shi ne, ba sai mun je Turai koyon gyara ba. Muna da namu. Sarkin Ruwa ba don ado aka naɗa shi ba. Shi ke cewa wannan gurbi an rufe shi, kada kowa ya jefa koma sai ranar da aka buɗe. Ku dubi Argungu. Gurbin Matan Fada ana tsare shi ne har ranar biki, shi ya sa in an shiga da homa da gora ake fito da giwan ruwa da sai an taru ake ɗaga shi. Kuma ku tuna yadda bikin ya samo girmansa. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A bakin ruwa aka karrama shi, a bakin ruwa aka ƙarfafa zumunci. Yau duniya ta san bikin, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon ɗan Adam a 2016. Mai sakin kifi a Gashaka da Sarkin Ruwan da ke rufe gurbi, manufarsu ɗaya: a bar na gobe.

Duwatsu ma muna da su. Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ya ga Dutsen Kwatarkwashi tsaye a gefen hanya. A ƙasar Zurmi akwai Dutsi, inda tarihi ya ce nan sarautar Zamfara ta fara kafuwa. 'Ya'yanmu nawa ne aka taɓa kai su su gani?

Yanzu bari in yi magana a fili, kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce kowa ya ɗauki sanda gobe ya nufi Dumburum ko Sububu ba. Kada ku yi. Rai ya fi komai. Maido da tsaro aikin hukuma ne, kuma muna binta wannan bashi. Abin da nake cewa shi ne, ranar da soja ya kori ɓarayi daga wani daji, aikin rabi aka yi. In aka juya baya aka bar shi, za su dawo, ko wasu su zo. Sai an sa ma'aikatan daji, 'ya'yan yankin, na manoma da na makiyaya, da albashi mai zuwa a kan kari. Sai an fitar da burtali da mashaya an tsare su. Sai an gyara hanya, an buɗe makaranta da asibiti a ƙauyukan ciki. Sai ƙafar mutanen kirki ta koma, ta zauna.

Kafin ranar ta zo, ga roƙona gare ku.

Iyayenmu sarakuna da hakimai, Allah Ya ƙara muku lafiya, ku maido wa Sarkin Ruwa da Sarkin Daji ƙarfinsu. In sun rufe gurbi, ya rufu. In sun kama mai zuba guba, kada a zo da roƙo a bayan fage.

'Yan'uwana masunta, ku faɗaɗa idon koma. Ƙaramin da ya faɗo hannu, ku mayar da shi ruwa.

Malaman makaranta, ko ba ku fita da yara ba, ku kawo musu dajin cikin aji. Ku gayyato tsohon maharbi ko tsohon masunci ya zauna da su. Ya faɗa musu sunayen itatuwa, da na kifaye, da na tsuntsaye, da inda ake samun kowanne. Kakanni, ku ma ku yi haka a tsakar gida bayan sallar isha'i.

Wanda kuma Allah Ya hore masa, ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko ɗalibin jami'a, ya sa Gashaka a cikin niyyarsa. Ya bari sai rani. Ya bincika lafiyar hanya kafin ya tashi. Ya bi ta ofis a Serti, ya ɗauki ɗan rakiya, ya tafi da rigar sanyi da takalmi mai ƙarfi. In ya dawo, ya zo ya ba mu labari, za mu buɗe masa wannan fili.

Waɗanda aka raba da gidajensu da gonakinsu, a Kurya Madaro da sauran garuruwanmu, muna tare da ku. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu. Allah Ya maido mana da zaman lafiya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, idan Allah Ya kai mu.